Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga hukumar NFF: ku dawo da sansanin 'yan gida da Keshi ya kafa

Zuwa ga Shugaban Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya da mambobin kwamitin fasaha, Abuja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe, ina gaishe ku da aiki, Allah ya taya ku riƙon amanar da ke wuyanku.

Sau biyu a jere ke nan mun rasa gurbin zuwa gasar cin kofin duniya. Ghana ce ta tare mana hanya a Abuja ranar 29 ga Maris 2022, sannan Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta fitar da mu a bugun fenareti a Rabat cikin Nuwamban 2025. Duk sanda irin wannan ta faru, magana ɗaya ake yi, daga gidajen kallon ƙwallo na Bauchi Road har zuwa ofisoshinku: a kori koci, a kawo Bature, a'a a ba ɗan gida. An shekara da shekaru ana wannan gardamar, ba ta kai mu ko'ina ba.

Ni mai horar da yara ne a filin unguwa a nan Jos. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne in tuna muku aikin marigayi Stephen Okechukwu Keshi, mutum na ƙarshe da ya ciyo mana kofin nahiyar Afirka. Ana yawan cewa ƙarfin zuciya ne da sa'a suka ba shi kofin 2013. Ni ban yarda ba. Tsari ne ya ba shi, tsarin da aka fara a Abuja shekara guda kafin gasar, wanda aka watsar da shi bayan tafiyarsa, kuma har gobe kuna da ikon dawo da shi ko wane ne koci.

Keshi ɗan baya ne, kuma duk wanda zai fahimci yadda yake tsara ƙungiya sai ya fara daga nan. Ya taka leda a ACB ta Legas da New Nigeria Bank ta Benin, ya wuce Kodebuwa a 1985 ya buga wa Stade d'Abidjan da Africa Sports, daga can ya tsallaka Beljiyam, Lokeren da farko sannan Anderlecht, kafin Strasbourg ta Faransa. A wancan zamanin ɗan Najeriya a babbar ƙungiyar Turai abin nunawa da yatsa ne. Ƙofar da ya buɗe ce su Daniel Amokachi da Samson Siasia da Sunday Oliseh da Victor Ikpeba suka bi zuwa Beljiyam, laƙabin Big Boss kuwa ya dace da shi domin kowa ya san shi ne babban yaya a sansani. Yana kyaftin ne koci Clemens Westerhof ya gina ƙungiyar da ta ci kofin 1994 a Tunisiya. Ku tuna yadda aka gina ta. Westerhof ya zo a 1989. A wasan farko na gasar 1990 Aljeriya ta lallasa mu da ci 5 da 1, aka bar shi ya ci gaba har ya kai wasan ƙarshe. A 1992 muka zo na uku. Sai a shekara ta biyar kofin ya zo, muka je Amurka, FIFA ta sa mu a matsayi na 5 a duniya. Keshi yana ciki aka yi duk wannan, ya ga yadda ake ɗauko yaro daga Ranchers Bees ta Kaduna ko Julius Berger a jure da shi har ya nuna.

Da ya koma horarwa sai ya haɗu da ɗaya fuskar lamarin. Yana mataimakin Shuaibu Amodu suka samo mana gurbin gasar duniya ta 2002, aka sallame su bayan sun zo na uku a gasar Afirka a Mali, aka miƙa wa Adegboye Onigbinde ƙungiyar. Ya karɓi Togo a 2004, ƙasar da ba ta taɓa jin ƙanshin gasar duniya ba, ya kai ta saman rukunin da ke da Senegal da Zambiya da Mali a ciki. Bayan Togo ta sha kashi a wasanninta uku na gasar Afirka a Masar a farkon 2006, ga kuma saɓani tsakaninsa da Emmanuel Adebayor, aka kore shi, Otto Pfister ya tafi da Togo gasar duniya a Jamus. Ya riƙe Mali daga 2008 zuwa 2010. Mutumin da ya dawo gida a Nuwamban 2011, sau biyu yana sa hannu a samo tikitin gasar duniya, sau biyun kuma yana kallon gasar daga nesa.

Abin da ya tarar kuwa ba daɗin gani. Gini ta yi canjaras 2 da 2 da mu a Abuja, ta hana mu zuwa gasar Afirka ta 2012. Jama'a sun gaji da taurarin da ke isowa sansani ana saura kwana uku wasa, su buga kamar ana musu dole, su hau jirgi su koma. Matakin farko da Keshi ya ɗauka shi ne kiran 'yan wasan gasar cikin gida zuwa Abuja, ya zaunar da su makonni suna atisaye safe da yamma, ya sallami wasu ya kira wasu. Bai tsaya a atisaye ba, ya nema musu wasannin sada zumunci: Angola a Abuja, Laberiya a Monrobiya inda wani yaro mai suna Sunday Mba ya zura ƙwallaye biyu, Masar, Peru can Lima. An ci su a wasu daga ciki, bai daina ba. Da aka shiga wasannin neman gurbi da Ruwanda da Laberiya, sai ya riƙa cakuɗa su da na Turai, ɗan gida ya fito a sha ɗayan farko, wanda ya taso daga Turai ya zauna a benci. Wannan ne ya canza yanayin sansanin baki ɗaya. Riga ta daina zama gadon kowa.

Da ya fitar da sunayen mutum 23 da za su je Afirka ta Kudu, shida daga gasar gida suke: Chigozie Agbim, Godfrey Oboabona, Azubuike Egwuekwe, Reuben Gabriel na Kano Pillars, Ejike Uzoenyi da Sunday Mba. Babu Osaze Odemwingie, babu Obafemi Martins. Ƙasa ta ɗauka. Wasanni biyun farko a Nelspruit suka ƙara wa masu suka ƙarfi, domin Burkina Faso ta farke a ƙarin lokaci bayan an ba Efe Ambrose jan kati, Zambiya ma ta farke da fenaretin da golanta Kennedy Mweene ya buga. Da ƙyar muka wuce Habasha da fenareti biyu na Victor Moses a ƙarshen wasa.

A cikin wannan matsin ne ya yi gyaran da ya ci kofin, kuma nan nake roƙon kwamitin fasaha ya tsaya ya duba da kyau. A baya, ya bar kyaftin Joseph Yobo a benci ya haɗa Kenneth Omeruo, yaro ɗan shekara 19, da Oboabona na Sunshine Stars ta Akure. Tsohon ɗan baya ne ke zaɓen 'yan baya, ya san abin da yake nema: masu sauri, waɗanda ba sa tsoron a bar su ɗaya da ɗaya, domin sauran ƙungiyar ta samu damar matsawa gaba. Oboabona ya shekara yana jin muryar Keshi a filin atisaye, ya san inda ake so ya tsaya idan ƙwallo ta kuɓuce. A tsakiya, Ogenyi Onazi ya karɓi gurbin Fegor Ogude, Mba ya karɓi na Nosa Igiebor. Mutum uku aka samu, kowa da aikinsa, babu mai shiga gonar wani. Onazi shi ne mai gudu, mai bin sawu, mai ƙwace ƙwallo ya miƙa ta kusa. Wannan ya sauke wa Mikel Obi nauyin da ya saba ɗauka a Chelsea, inda aikinsa shi ne ya tsaya gaban 'yan baya ya riƙa tura ƙwallo gefe. A hannun Keshi Mikel ya koma mai raba ƙwallo, ya riƙe ta idan ana buƙatar numfashi, ya jefa doguwa idan ya hango Emenike ko Moses sun motsa. Shi kuwa Mba an ba shi izinin abin da 'yan tsakiyarmu suka daɗe da dainawa, wato ya ɗauki ƙwallo a ƙafa ya keta tsakiya da ita har bakin gidan abokan hamayya ya buga.

A gaba ma ba jere suna aka yi ba. Emmanuel Emenike lamba tara ne da ba ya zama wuri ɗaya, yakan fita gefen dama ya jawo ɗan baya ya bar rami. Brown Ideye yakan faɗa ramin, idan ƙwallo ta kuɓuce kuma shi ne na farko da zai juyo ya taya tsaro. Moses an bar shi ya yi yanka, domin yankan nasa ne ke jawo keta da bugun tazara. Ahmed Musa an adana shi sai ƙafafun abokan hamayya sun yi nauyi. A takarda za a ce 4-3-3 ne, wani lokaci ya koma 4-2-3-1, amma lambobin ba su ne zancen ba. Ƙungiya ce da ta san ba za ta fi kowa riƙe ƙwallo ba, don haka ta zaɓi ta matse tsakiya, ta ƙwace, ta isa gaba da bugu uku ko huɗu.

Ranar 3 ga Fabrairu 2013 a Rustenburg aka gwada wannan tsari da Kodebuwa, mai Didier Drogba da Yaya Toure da Gervinho da Salomon Kalou. Kusan babu wanda ya ba mu nasara. Da wani kocin ne da ya tara mutum goma a baya yana addu'ar a kai fenareti. Keshi ya tura yaransa suka tare Yaya tun daga tsakiyar fili, duk inda ya juya Onazi ko Mikel na jikinsa, Drogba ya yini yana jiran ƙwallon da ba ta iso ba. Emenike ya ci da bugun tazara kafin hutun rabin lokaci. Cheick Tiote ya farke da ka bayan an dawo. A irin wannan gaɓar muka saba rushewa, amma ba a rushe ba. Minti na 78 Mba ya ɗauko ƙwallo daga wajen tsakiya ya yi ta kutsawa, ya buga ta taɓa jikin Sol Bamba ta haye kan gola. Can kusa da tashi, Mikel ya zare ƙwallo daga ƙafar Lacina Traore a bakin raga. Ku tambayi kanku, ranku ya daɗe: yaron da aka kira jiya-jiya daga Enugu ko Warri, zai iya ɗaukar ƙwallo ya nufi su Zokora da Bamba da wannan gaba gaɗin? Mba ya yi haka ne domin ya shekara yana sanye da rigar, ya ci ƙwallo a cikinta a Monrobiya, ya san kocinsa ba zai cire shi ba idan ta ɓace masa.

Wasan Mali a Durban shi ne tsarin a cikar kamarsa. Moses ya murɗa ɗan bayansu a gefen dama ya kwanto ta, Elderson Echiejile, lamba uku, ya sunkuya ya sa mata kai. Emenike ya fita dama ya bugo wa Ideye ta biyu, ya ƙara ta uku da kansa, Musa ya shigo ya ci ta huɗu, aka tashi 4 da 1. Ranar 10 ga Fabrairu a Johannesburg, babu Emenike saboda rauni, Mba ya ɗage ƙwallo ta kan ɗan bayan Burkina Faso ya narka ta da hagu a minti na 40. Bayan shekara 19 kofi ya dawo. Keshi ya zama mutum na biyu, bayan Mahmoud El-Gohary na Masar, da ya ci shi yana ɗan wasa ya sake ci yana koci.

Ku yi mini uzuri in ɗan ratse, domin mu mutanen Jos muna da kaso a wannan kofin. Mikel da Onazi da Ahmed Musa duk a garin nan aka haife su. Mikel ya bi ta Plateau United, Musa ya bi ta JUTH kafin Kano Pillars, inda ya ci ƙwallo 18 a kaka guda. Garin nan ne na Mighty Jets, wadda ta ci gasar ƙasa ta farko a 1972, garin marigayi Ismaila Mabo da ya kai Super Falcons zagayen 'yan takwas a gasar duniya ta 1999. Jajayen filayen da suka fitar da waɗannan mutane suna nan a Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo da Bukuru, cike da yara kowace safiya duk sanyin hunturu. A garin da ya sha rikici, filin ƙwallo na cikin wurare kaɗan da yaron Nasarawa da na Tudun Wada ke haɗuwa ba a tambayi kowa inda yake ibada ba. A 2013 ina iya nuna wa yaro Oboabona in ce masa daga Akure aka kira shi, kai ma idan ka shiga Plateau United ka dage za a gan ka. Yau yaran da nake horarwa sun yi imani cewa sai an fita, ko ina ne, ko da ƙaramar ƙungiya ce a ƙasar da ba su iya faɗin sunanta ba. Wannan imanin ne ke jefa iyaye hannun dillalan ƙarya, a sayar da fili a biya kuɗin biza, yaro ya ƙare a gantale a wata ƙasa.

Yadda aka saka wa Keshi kuwa yana rubuce, kun fi ni sani. Washegarin wasan ƙarshe ya sanar da ajiye aiki, sai da ministan wasanni Bolaji Abdullahi ya sa baki ya janye. Watanni kaɗan bayan haka aka sallami mataimakinsa Sylvanus Okpala da sunan rage kashe kuɗi. Kafin shekarar ta ƙare ya fito ya ce yana bin albashin wajen wata bakwai, alhali a lokacin yana kan samo mana gurbin gasar duniya ta Birazil. An cire shi a Oktoban 2014, aka dawo da shi bayan makonni biyu, aka ba shi sabon kwantiragi a Afrilun 2015, aka kore shi a Yuli. Ya rasu a Benin a Yunin 2016 yana da shekara 54, watanni shida bayan rasuwar matarsa. Kwana uku tsakani Amodu ya bi shi. Ba ku ne a kan kujerun ba a mafi yawan wannan lokacin, amma hukumar ɗaya ce, kuma ɗabi'ar ba ta gushe ba: FIFA ce ta umarci a biya Gernot Rohr haƙƙinsa bayan sallamarsa, 'yan wasa kuma sun ƙaurace wa atisaye a Rabat a 2025 kan alawus, kamar yadda suka yi kafin wasan Faransa a 2014.

Ba na cewa Keshi ba shi da aibi. Tsarinsa na son abokin hamayya ya fito ya bar fili a bayansa. Idan aka samu wanda ya ja baya ya toshe, sai dabara ta ƙare a koma jefa dogayen ƙwallaye, kamar yadda Iran ta riƙe mu babu ci a Curitiba a gasar duniya ta 2014. Yana da riƙo, saɓaninsa da Ikechukwu Uche ya hana mu ɗan wasan da muke buƙata. Bai tanadi magajin Onazi ba, shi ya sa da Blaise Matuidi ya taka shi a Brasilia aka fitar da shi, tsakiyarmu ta buɗe, Paul Pogba ya ci, aka tashi 2 da 0. A neman gurbin gasar Afirka ta 2015 Kwango-Brazzaville ta ci mu 3 da 2 a Kalaba, Sudan ta ci mu a Khartoum, masu riƙe da kofi suka kasa zuwa kare shi. Duk da haka shi ne ya mayar da mu zagayen 'yan 16 karo na farko tun 1998, a gasar da Musa ya zura wa Ajantina biyu. Kurakuran nasa na mutum ɗaya ne da ake barinsa shi kaɗai yana zaɓe, yana horarwa, yana bin bashin albashinsa. Hukuma mai tsari da ta gyara su ba tare da ta rushe ginin ba.

Shaida ta biyu a kan amfanin sansanin ita ce gasar CHAN ta 2014, wato kofin Afirka na 'yan wasan da ke buga wa ƙungiyoyin gida kawai, zuwanmu na farko. Maroko ta ci mu 3 da nema kafin hutu a zagayen 'yan takwas, 'yan gida zalla suka farke suka ci 4 da 3, Rabiu Ali na Pillars na cikin waɗanda suka zura. Muka zo na uku, aka zaɓi Uzoenyi gwarzon gasar. Daga wannan ayarin Shehu Abdullahi ya fito, ya ci tagulla a Olamfik ta 2016, ya buga gasar duniya ta 2018. Ku kwatanta da Agustan 2025 a Zanzibar, inda Sudan, ƙasar da yaƙi ya tarwatsa gasarta, ta zuba mana 4 da nema muka fito tun a rukuni. Yaran ba su fi na 2014 rashin iyawa ba. An tara su ne dab da gasa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba ni da ja da yaranmu da suka tashi a Turai. Ademola Lookman ya ci gwarzon Afirka na 2024, William Troost-Ekong ya zama gwarzon gasar da aka yi a Kodebuwa, Alex Iwobi da Ola Aina da Calvin Bassey sun bauta wa rigar da gaskiya. Amma makarantun Ingila ne suka rene su, mu mun tsinci dami a kala. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 bai kamata ta dogara da renon wasu ba. Ku dubi Stanley Nwabali. Ya tsare raga a Enyimba da Wikki Tourists da Lobi Stars da Katsina United a daidai shekarun da muke kukan rashin gola tun bayan Vincent Enyeama da Carl Ikeme. Sai da ya koma Chippa United ta Afirka ta Kudu Jose Peseiro ya je ya gan shi, makonni kaɗan bayan haka ya tare fenareti biyu a wasan kusa da na ƙarshe. Da sansanin Keshi na nan, da tun yana Bauchi ko Makurɗi aka san da shi. Su Nwabali nawa ne yanzu haka a Gombe da Ilorin da Aba da Maiduguri?

Na san amsar da za a ba ni. Za a ce gasar gida ba ta da inganci, filaye ba kyau, ƙungiyoyi na riƙe albashi. Gaskiya ne, amma a 2012 ma haka take, kuma daga cikinta aka tsamo mutum shida, biyu suka buga wasan ƙarshe tun daga farko, ɗaya ya ci ƙwallon kofi. Za a ce da zarar yaro ya haska sai ya fice, kamar yadda Oboabona ya tafi Turkiyya, Mba ya tafi Faransa. To ai wannan riba ce. Ya fita da daraja, ƙungiyarsa ta samu kuɗi, ƙasa ta samu ɗan wasan da ya riga ya san tsarinta, sansani kuma ya kira na bayansa. Manomin dankalin Turawa a Bokkos yakan sayar da amfanin gonarsa kowace shekara, abin da ba ya yi shi ne ya haɗa da irin da zai shuka baɗi.

Don haka roƙona na farko, kuma mafi girma, shi ne ku mayar da sansanin 'yan gida abin dindindin, a rubuta shi cikin kalandar hukuma da kasafinta, yadda ba zai mutu ba don an canza koci ko shugaba. Ku zauna da masu gudanar da gasar cikin gida ta NPFL a ware kwanaki kaɗan kowane wata, a tara yara wajen talatin a filin atisaye na babban filin Moshood Abiola, a ƙarƙashin kocin ƙasa da kansa ko babban mataimakinsa, da tsari iri ɗaya da na manyan. A nema musu wasa da Nijar da Benin da Togo da Ghana, waɗanda zuwa wurinsu ba ya cin kuɗin da zuwa Turai ke ci. Kuɗin raya ƙwallo da FIFA ke bayarwa don irin wannan aka yi shi. Kuma kada a mayar da shi rabon kujeru, a ce kowace shiyya sai ta samu kaso, ko a bar dillalai su cusa nasu don a ɗaga musu farashi. Idan aka yi haka, gara ma ba a fara ba. Ba na neman a tilasta wa koci ya sa 'yan gida a babbar tawaga. Keshi ba a tilasta masa ba, ganinsu ya yi kullum har ya yarda da su.

Duk wanda za ku ba aikin, Bature ne ko ɗan Afirka, a sa a kwantiraginsa cewa a Najeriya zai zauna, kuma a riƙa ganinsa a Sani Abacha ta Kano da Aba da Ikenne da nan Jos ranar wasa. Keshi kansa ya faɗa a 2013 cewa ba ƙin Turawa yake ba, abin da ba ya so shi ne a ɗauko wanda bai kai ba a ɗora shi a kan ɗan gida da ya fi shi. A biya shi albashinsa a kan kari, a kuma ba shi wa'adin da za a iya gini a cikinsa. Senegal ta riƙe Aliou Cisse daga 2015, ya fita a rukuni a gasar duniya ta 2018, ya rasa wasan ƙarshe a 2019, ba su kore shi ba, ya kawo musu kofinsu na farko a Fabrairun 2022. Mu kuwa a cikin 2024 kaɗai, Peseiro ya tafi, Finidi George ya zo ya ajiye bayan wasa biyu na neman gurbi, aka sanar da Bruno Labbadia maganar ta wargaje cikin kwanaki, Augustine Eguavoen ya riƙe, sai a Janairun 2025 aka naɗa Eric Chelle. Maki da muka zubar a wannan ruɗanin ne suka kai mu Rabat.

Akwai kuma aikin da ba ya jira. Keshi ya tafi, Amodu ya tafi, Mabo ya tafi a 2023, kowa da abin da ke kansa. Sanya sunan Keshi a filin wasa na Asaba karramawa ce mai kyau, amma ba za ta koya wa matashin koci yadda ake haɗa Onazi da Mikel ba. Waɗanda suka yi aikin da shi suna raye: Amokachi, Okpala, Ike Shorunmu, Enyeama, Yobo, Mikel, Mba. Ku sa sashen fasaha ya zauna da su ɗaya bayan ɗaya a naɗi bayanansu, yadda ake atisaye a sansanin Abuja da na Faro a Fotugal, me ake dubawa kafin a sallami yaro, me aka faɗa musu daren wasan Kodebuwa. A haɗa da bidiyon wasannin shida a mayar da shi darasi a kwasa-kwasan lasisin CAF da kuke gudanarwa da kuma Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas. A fassara shi da Hausa da sauran harsunanmu, domin da yawa daga cikin masu horar da yara a unguwanni ba da Turanci suke aiki ba, kuma a hannunsu yaro ke fara taɓa ƙwallo.

Ina roƙon ku sa maganar sansanin nan a ajandar babban taron hukuma mai zuwa, ku kuma fito ku gaya wa jama'a abin da kuka yanke, ko da ƙi ne, tare da dalili. Kafin nan, ku turo wani daga kwamitin fasaha ya zo wasan gida na Plateau United, ya kwana, da safe mu zagaya da shi filayen unguwanni ya ga yaran da idonsa.

Allah ya ba ku ikon yin abin da ya dace. Wassalam.

Naku,
Mai horar da yara, Jos ta Arewa, Jihar Filato.